Gishirin da muke rainawa shi ne na manya a Faransa

Wani abokin aikina Bafaranshe ya gayyace ni cin abinci a gidansa a Nantes, kuma da aka kawo nama sai matarsa ta ajiye wani ɗan kwano a tsakiyar tebur cikin alfahari. Gishiri ne mai launin toka, mai danshi, ƙwayoyinsa manya. Suka ce daga Guérande aka kawo shi, wani gari a bakin teku da ba shi da nisa da nan, inda ake shigar da ruwan teku cikin fadamu masu yumɓu, rana da iska su busar da shi, sannan a kwashe da hannu ba tare da an wanke ko an tace ba. Launin tokar daga yumɓun yake. Wanda ake yaɗewa daga saman ruwan, mai suna fleur de sel, kuɗinsa a kanti yana iya ninka na farin gishiri sau 20, kuma tun 2012 Tarayyar Turai ta ba sunan Guérande kariya, ta yadda babu mai iya liƙa shi a kan gishirin wani wuri.

Ƴan'uwa, ina taunawa ina tuna beza ta Bilma, wadda raƙuman azalai suke ratsa Tenere da ita, amma matan birni suke jin kunyar zuba ta a miyar baƙo domin wai ta ƙauye ce. Ba ta gaza wannan a ɗanɗano ba ko kaɗan. Abin da ya raba su shi ne kula: nasu yana cikin leda mai tsabta, da sunan gari da nauyi a rubuce, namu kuwa yana kan buhu a ƙasa, ƙurar kasuwa tana sauka, kowane mai taya yana cusa hannu. Ba zan ce a bar farin gishirin leda da muke saye a gida ba, domin aidin ɗin da ake sa masa shi ne ya rage maƙoƙo a yankunanmu, alhali Faransawa suna samun nasu daga madara da kifi. Sai dai raini daban, kiwon lafiya daban.

Haka lamarin sukari yake. Farin sukarinsu galibi daga wani irin gwoza ake yin sa a arewacin ƙasar, kuma shi ne mai araha. Jan sukarin rake, wanda ake kawowa daga tsibirin Réunion, ya fi tsada. Na saya domin kewar mazarƙwaila, amma bai kama ƙafar wadda ake kawo mana Damagaram daga wajen Maƙarfi ba, duk da tsakuwar da mutum kan tauna a cikinta jefi-jefi.

A wajen man fetur kuwa ba sa wasa da tacewa. An hana mai mai dalma tun shekarar 2000, kuma doka ta ƙayyade yawan farar wutar da za a bari a ciki. Mu da muke da matata a Damagaram tun 2011, har yanzu a kwalba muke saye a bakin titi, ba mu san abin da aka gauraya ba sai babur ya fara tari.