Me za ka saya kafin sanyi ya fasa bututun motar gidanka?

Duk mai motar gida, wato motar da ke da ɗaki da kicin da banɗaki a ciki, a jihar Minisota ta Amurka ko Kanada ya san cewa da Oktoba ta kama, sai a fara tunanin bututu. Ruwa in ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, kuma ɗan guntun da ya maƙale a bawul ɗin masai ya isa ya tsaga shi.

Wasu kwamfaresa suke saya su hure bututun da iska, a kan awon ƙarfin iska psi 30 zuwa 40. Ba laifi, amma iska ba ta fitar da ruwan da ya kwanta a cikin injin tura ruwa. Hayar gareji mai ɗumi kuwa sai mai hali.

Ni dai ruwan maganin hana daskarewa mai launin hoda nake saya, wanda aka yi da propylene glycol. Galan 2 zuwa 3 sun wadatar, yana ratsa kowane lungu, kuma ba ya busar da robobi. Yayin da kake tura shi cikin bututu, ka buɗe kowane famfo, na zafi da na sanyi, har sai ruwan hoda ya fito, ka kuma zuba kaɗan a magudanar wanka da ta wanke-wanke. Amma fa ka haɗa da bawul ɗin kewaye tukunyar dumama ruwa, wanda ke hana maganin shiga cikinta, in ba haka ba tukunyar kaɗai za ta shanye galan 6 ko 10. Ita tsiyaye ta ake yi bayan ta huce. Ka fara kashe wutarta, don ƙarfen dumamawa yana ƙonewa in ya yi zafi babu ruwa. Idan tukunyar ƙirar kamfanin Suburban ce, duba sandar anod, wato ƙarfen da ke kare ta daga tsatsa, in ta cinye ka canza.

Ga inda na ƙone. Wata shekara na sayi jarkoki masu araha a hannun wani mutum, murfinsu ma a kwance, na ce ai launi ɗaya ne. Ashe an tsinka da ruwa. Da sanyi ya wuce na tarar da bawul biyu a fashe, kasan kicin ya jiƙe sharkaf. Launi ba shaida ba ne, 'yan'uwa. Ka duba hatimin murfi, ka karanta bayan jarka. Mai ethanol ya fi sauƙin kuɗi, sai dai yana bar wa ruwa ɗanɗano, yana kuma busar da roba. Rubutun -50°F da ke jikin jarka ma'aunin fashewar bututu ne, maganin kan yi kauri tun kafin nan. Na lagireton mota kuwa, mai ethylene glycol, guba ne. Ko kyauta aka ba ka, kada ya kusanci bututun da yaranka ke shan ruwa.