Shagon agashen Baba a Makka: nama ya yi, tarihin kuwa da saura

Wanda ya zo Umara kewar tsiren gida ta dame shi, akwai wani ɗan shagon agashe, wato tsiren Sudan, ta wajen Shara Mansur da zan tura shi hankalina kwance. Mai shagon dattijo ne, Bahaushen Sudan ɗan Mai Wurno ta kusa da Sinnar, kowa Baba yake ce masa. Naman shanu yake yankawa falle-falle, ya birkima shi cikin garin ƙuli mai yaji, ya kafa tsinkayen kewaye da garwashi, nesa kaɗan da wutar. Shi ya sa yake nuna har ciki bai ƙone ba. Ana kawo shi da albasa, lemun tsami, burodi da shatta, wato yajin barkono, kuma shattar nan kada a yi mata garaje. Na kaza kam ban ba da shawara ba, a bushe yake fitowa.

Sama da teburin kuɗi akwai hoton Sadik al-Mahadi, tsohon firayim ministan Sudan kuma jagoran jam'iyyar Umma, farin rawani, gemu ya sha lalle. Ka kuskura ka tambayi ko wane ne, shayinka sai ya huce. Baba ɗan Ansar ne, wato mabiya Mahadin Sudan, tun zamanin mahaifinsa jam'iyyar Umma gidansu ke yi.

Zai faro maka daga haihuwar Sadik a Omdurman a 1935, tattaɓa-kunnen Mahadi, ya yi karatu a Oxford, ya shiga majalisa, ya zama firayim minista a 1966 yana ɗan shekara 30. "Ɗana, a ina ka taɓa jin haka?" Idan ya iso kan tsibirin Aba a 1970, lokacin da sojojin Numairi, shugaban Sudan na lokacin, suka yi wa Ansar luguden wuta, aka kuma kashe Imam al-Hadi, baffan Sadik, sai muryarsa ta yi ƙasa, ya koma juya tsinkayen da ba su buƙatar juyi. Daga nan sai ɗaurin da Sadik ya sha a 1983 don ya soki dokokin Satumba, wato dokokin shari'a da Numairi ya kafa, dawowarsa mulki a 1986, juyin mulkin Bashir na 30 ga Yuni 1989, sulalewarsa zuwa Iritiriya a 1996, har rasuwarsa a Daular Larabawa a Nuwamba 2020 sanadin korona.

Babu ƙarya a ciki, amma Baba yana tsallake wurare. Sadik da wannan baffan nasa ne suka raba jam'iyyar gida biyu, gwamnatinsa ta farko ba ta cika shekara ba, a zaɓen 1968 ma kujerarsa ta majalisa ta suɓuce masa. A 1976 mutanensa sun shigo Khartum da makamai daga Libiya. Dokokin nan da ya sha ɗauri a kansu kuwa, shekara uku yana kan mulki bai soke su ba, yaƙin kudancin Sudan kuma sai ƙara ruruwa ya yi.

Na ce, "Baba, to dokokin fa?" Ya ɗan harare ni, ya ce, "Gwamnatin haɗaka ce, ɗana. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka." Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma sau biyun da ya hau mulki ta ƙofar majalisa ya shiga, wannan na ba shi. Ni dai a ganina jan ƙafa wajen yanke hukunci ne ya ci shi. Da na faɗi haka Baba bai yi fushi ba, tsinke ɗaya ma ya ƙara mini gyara.

Shagon ƙarami ne, hayaƙi yana kama riga, kuma babu wurin zaman mata, don haka mai iyali gara a ƙunshe masa ya tafi masauki. Farashi bai kai na gidajen abincin bakin Harami ba. Bayan isha'i cunkoso ake yi, gara a je da an idar da magariba.