Ƙofar gareji mai kamar katako: wace hanya za ka bi?

Kafin ka tafi kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko Dei-Dei a Abuja sayen fenti, fara duba ƙarfen ƙofarka da inda take fuskanta. Ƙofar da ke kallon yamma tana shan ranar la'asar, kuma baƙin launi yana jawo zafi, don haka ruwan zuma ya fi mata kyau a kan duhun maɗaci.

Hanyar da na fi yarda da ita ita ce fentin mai, shafi biyu. Za a goge tsatsa da sanfefa, a sa jan fenti mai hana tsatsa, sannan a shafa launi mai haske a bar shi kwana ɗaya ya bushe. Bayan haka sai a ɗora launi mai duhu wanda aka sassauta da tina, a ja shi da robar zane, wadda ke fitar da layukan jikin katako, tun yana ɗanye. Nan gwanintar mai fenti take fitowa. Zanen ya bi tsawon kowane gida na ƙofar, na tsaye a tsaye, na kwance a kwance, yadda kafinta zai haɗa katako. Ka ce mai fentin ya gwada maka a kan guntun ƙarfe kafin ku yi ciniki. Idan kuwa ƙarfen mai ruwan tutiya ne, kamar kwanon rufi, fentin mai ba ya kama shi sai an fara sa shafin da aka yi domin irinsa, in ba haka ba zai saɓule.

Akwai rini mai kauri irin na Minwax, wanda ake yawan amfani da shi a Amurka. Zanensa ya fi kama da katako na gaske, amma yana da tsada, kuma rana tana cinye shi da wuri idan ba a rufe shi ba.

Ledar manne mai hoton katako tana da sauri, sai dai bakinta yana ɗagowa a zafinmu. Ban ba da shawararta ba. Katako na gaske kuma nauyi ne a kan hinji, ga gara, ga tsagewa da hunturu.

Ko fenti ka zaɓa ko rini, kada ka yi ƙwauro wajen banish na ƙarshe. Nemi na waje, wanda aka rubuta yana jure rana, shafi biyu, domin na kujerun ɗaki yana yin rawaya ya fashe. A yi aikin da sassafe kafin ƙarfe ya ɗau zafi, ba ranar ƙurar hunturu ko hadari ba. Ƙofar da ake naɗewa sama kuwa, gara a bar ta da launi ɗaya, domin gogayyar naɗi tana kankare zanen.