Nova G3: mariƙin katakon da ya sa na sake zama a gaban injin sassaƙa

Jama'a masu sha'awar sassaƙa da inji mai juya katako, in kuna cikin irin waɗanda suka ajiye aikin suka daɗe ba su taɓa ba kamar ni, to ga abin da zan faɗa muku game da wannan mariƙin mai muƙamuƙai huɗu na kamfanin Teknatool, kamfani ne na ƙasar Niyu Zilan, sunan samfurin Nova G3. Wallahi na ji daɗinsa, kuma ba don kyan ƙarfensa ba, a'a, don ya cire min abin da ya fi komai kashe min gwiwa a da.

Duk wanda ya taɓa fafe akushi ko kwano a inji ya san wahalar farantin ƙarfen nan da ake ɗaurewa da sukuru. Ka huda katako ka ɗaura, ka gyara bayan kwano, sannan ka kwance ka rasa yadda za ka juya shi ka fafe cikin ba tare da ka bar ramukan sukuru a gindi ba, ko kuma ka manna wani guntun katako da gam ka zauna jira ya bushe, kafin nan an ɗauke wuta, sha'awar ma ta tafi. Mutumin da ke da awa ɗaya ko biyu bayan la'asar ba zai jure wannan ba. Da G3 ɗin nan kuwa cikin kwalin akwai wata ƙatuwar sukuru da ake damƙewa a tsakiyar muƙamuƙan, rami ɗaya tak za ka huda a katakon ka murɗa shi a kai, ka gyara baya, ka fitar da ɗan gindi, ka juya ka damƙe gindin nan ka fafe ciki. Shi ke nan, a zama ɗaya.

Muƙamuƙan da yake zuwa da su na milimita 50 ne, kuma a nan ne nake so mutane su nutsu, don yawancin masu cewa mariƙi ya saki katako ya yi tsalle, matsalar a gindin da suka yanka take. Ka yanka shi daidai yadda in ka ɗaure muƙamuƙan za su kusa haɗewa su yi zobe, saboda a lokacin ne suke kama katakon ta ko'ina, in ka yi shi ƙato suka wage sosai gefunansu kawai ke cizo. Sannan kada tsawonsa ya kai ƙasan mariƙin, kafaɗar katakon ce ya kamata ta zauna daram a kan fuskar muƙamuƙan. In ka kiyaye waɗannan biyun, ni dai na gwada shi da maɗaci, da ɗanyen mangwaro, da darbejiya, har da kirya wadda ake turmi da ita mai ɗan karen tauri, bai motsa ba. Ɗanyen ice dai sai ka riƙa tsayawa kana ƙara ɗaurewa don yana da laushi, ƙarfe na nutsewa a ciki.

Makulli ɗaya ake ɗaure shi da shi, hannu ɗaya na riƙe da kwano ɗaya na murɗawa, wanda ya yi amfani da irin masu sanduna biyu ɗin nan masu araha zai gane bambancin nan take. Irin nawa in za ka matse hagu ake murɗawa ba dama ba, da farko hannu zai ɗan yi gardama amma ana sabawa da wuri.

Kafin ka biya kuɗi ka duba tiredin bakin injinka, wato zaren sukurun da ake murɗa mariƙin a kai, wannan kam dole ne. Ƙananan injuna da yawa inci 1 ne mai zare 8 a kowane inci, na Turai kuma galibi M33 ne (wato mai kaurin milimita 33), akwai G3 da ake ƙerawa da tiredinsa kai tsaye akwai kuma wanda ake sa wa ɗan mahaɗi a ciki, ni mai mahaɗin nake ba da shawara don ko ka canza inji gobe mahaɗin kawai za ka saya. Kuma an yi shi ne don ƙanana da matsakaitan injuna, in manyan akusa na gidan biki kake son yi ka nemi yayansa. In injinka na juyawa da baya kuma, ka tabbata ka ɗaure 'yar sukurun da ke kulle shi kafin ka fara goga sanfefa, in ba haka ba zai iya warwarewa.

Tsada? Eh da tsada, da dala ake sayen sa ga kuɗin kawowa. Amma ƙarfe ne da in ka kula da shi zai daɗe, ka riƙa hure masa garin katako, da damina ka shafa masa ɗan mai don tsatsa ba ta da kunya, musamman bayan ka yi aiki da ɗanyen ice mai ruwa.

Wanda ya daɗe bai taɓa inji ba don Allah kar riƙon nan mai kyau ya ruɗe shi ya ƙure gudu. Masu aikin suna da wani lissafi, faɗin katako a inci sau yawan juyawar inji a minti kar ya wuce 9,000, wato kwano mai inci 10 kada ya haura 900, in bai daidaita ba ma ka fara can ƙasa. Ka matso da kusar baya, wato tsinin ƙarfen da ke ɗaya ƙarshen injin, ta tokare katakon har sai ta hana ka aiki, ka sa garkuwar fuska ba tabarau kawai ba, ka wasa cizal ɗinka, kuma ka rufe hanci don ƙurar maɗaci tana shaƙe mutum. Ni yanzu ɗanyun akusan mangwaro na fafe na bar musu kauri kamar kashi ɗaya cikin goma na faɗinsu, na zuba su cikin buhu da sassaƙen da ya fita daga jikinsu a inuwa don kar hunturu ya tsattsaga su, in sun bushe in sha Allahu zan mayar da su kan mariƙin na ƙarasa.