The Last of Us a talabijin: abin da ya tsallako daga wasan da abin da ya maƙale a hanya

Wanda bai buga wasan ba kuma bai kalli shirin ba ya sani tun yanzu cewa zan taɓa ƙarshen labarin, domin a can hukuncina ya rataya.

Kamfanin Naughty Dog ne ya fitar da wasan bidiyo na The Last of Us a 2013 a kan PlayStation 3. Bayan shekara goma tashar HBO ta mayar da shi shiri mai dogon zango, zangon farko ya fara fita a Janairun 2023 da kashi 9. Craig Mazin, wanda ya rubuta Chernobyl, shi ya ja ragamar aikin tare da Neil Druckmann, marubucin wasan kansa. Labarin na Joel ne, ɗan fasa-ƙwauri da 'yarsa ta mutu a daren da annobar funfuna mai mayar da mutane dodanni ta ɓarke. Shekara 20 bayan haka aka damƙa masa amanar Ellie, yarinya 'yar shekara 14 da cutar ba ta yi wa komai, ya ratsa Amurka da ita zuwa wurin ƙungiyar Fireflies masu fatan haɗa rigakafi daga jikinta.

Na gama wasan kafin in kalli shirin, kuma da fargaba na zauna, saboda na ga abin da ya sami Halo, wani wasan bidiyo da aka mayar shiri a Paramount+ a 2022, inda jarumin ya cire hular ƙarfensa tun a kashin farko, masoya wasan suka ji kamar wani mutum daban aka kawo musu. Wannan fargabar ba ta daɗe ba. Maganganu da yawa an ɗauko su kalma da kalma. Kiɗan Gustavo Santaolalla yana nan. Merle Dandridge da ta yi muryar Marlene, shugabar Fireflies, a wasan ita ce ta fito a matsayin Marlene, Ashley Johnson da ta yi muryar Ellie aka ba ta matsayin mahaifiyar Ellie. Pedro Pascal da Bella Ramsey ba su yi kama da Joel da Ellie na wasan a fuska ba, amma kafin a kai tsakiyar zangon na daina kwatanta su, musamman Ramsey, wadda ta kama rashin kunyar yarinyar da kuma tsoron da ke ɓoye ƙarƙashinta.

Abin da ban zata ba shi ne wuraren da suka fi taɓa ni su ne waɗanda babu su a wasan. Kashi na biyu ya buɗe a Jakarta a 2003, inda sojoji suka ɗauko wata farfesa masaniyar funfuna ta duba gawar ma'aikaciyar kamfanin fulawa. Da ta gama aka tambaye ta magani, ta ce babu, a jefa wa birnin bam kawai, a bar ta ta koma wurin iyalinta. 'Yan mintoci ne, ba harbi ba gudu, amma sun fi duk wani dodo na shirin razana ni. Wasa ba zai iya yin haka cikin sauƙi ba, domin kyamararsa tana manne da bayan wanda kake sarrafawa. Shiri kuwa yana da 'yancin barin jarumi ya leƙa wata nahiya, kuma sun yi amfani da 'yancin yadda ya kamata.

Haka labarin Henry da ƙaninsa Sam, waɗanda Joel da Ellie suka haɗu da su a hanya. An ɗauke shi daga Pittsburgh zuwa Kansas City, an rage wa Sam shekaru, an mayar da shi kurma, aka ba Keivonn Woodard, yaro kurma na gaske, ya taka rawar. An kuma ba Henry laifin da babu a wasan: ya tona asirin jagoran 'yan tawaye ga sojoji don ya samo wa ƙaninsa maganin sankarar jini. Wannan ƙarin ya shuka tambayar da Joel zai fuskanta a ƙarshe, ta ran mutum ɗaya da kake so da ran jama'a. Daren da Sam ya nuna wa Ellie cizon da ke ƙafarsa, ta yanki tafin hannunta ta shafa masa jininta da imanin zai warke, na ji abin da ban ji ba lokacin da na buga wannan sashen. Wanda ya ce wannan cin amanar wasan ne, ban yarda da shi ba.

Akwai canje-canjen da ban damu da su ba. An mayar da ɓarkewar annobar daga 2013 zuwa 2003. An cire ƙurar funfunar da ke yawo a iska, wadda ke tilasta wa mutane sa takunkumi, aka maye gurbinta da jijiyoyi da ke haɗa masu cutar ta ƙarƙashin ƙasa, ka taka nan su farka can. Dabara ce mai kyau, sai dai bayan kashi na biyu kusan an manta da ita. Kashi na uku kuma ya ɗauki abin da wasan ya yi nuni da shi kawai, wato soyayya tsakanin Bill, wani tsohon sanin Joel, da Frank, ya shimfiɗa shi ya zama labarin zamansu na shekaru. Ya sha yabo sosai, amma ni abin da na rasa shi ne Ellie ba ta taɓa haɗuwa da Bill ba, alhali cacar bakinsu na cikin abubuwan da na fi so a wasan.

Babbar matsalar tana wani wuri. Wasan yana cin kusan awa 15, kuma mafi yawansu ba a kallon labari ake ƙarar da su ba. Kana sanɗa a ɗaki mai duhu da harsashi biyu a bindiga, kana jefa kwalba ko bulo don ka karkatar da hankalin makafin dodannin nan da ke farauta da ji. Kana ɗaga Ellie ta haura katanga ta sauko maka da tsani. Kana neman katako ka tura ta a kai saboda ba ta iya iyo ba. Kana cikin binciken aljihun tebur sai ka ji ta a bayanka tana koyon fito, ko ta ciro littafin barkwancinta. Waɗannan ƙananan ayyuka, da wasu ke kira cikon lokaci, su ne ke ɗaure ka da yarinyar. Ba wanda ya ce ka so ta, kai ka yi ta kare ta da hannunka har ta shiga ranka. Shirin ya ɗebe mafi yawan wannan, ya tsallaka daga babban fage zuwa babban fage, don haka shaƙuwar Joel da Ellie ta zo da gaggawa. Bayan kashi na biyar ma da ƙyar ake ganin masu cutar. Duniyar da aka ce tana matuƙar bukatar rigakafi sai ta zama wadda mutum zai yi tafiyar watanni a cikinta ba tare da ya gamu da abin tsoro ba, kuma hakan ya rage farashin abin da Joel zai aikata.

A asibitin Salt Lake City ne bambancin ya fito fili. Joel ya gano cewa haɗa rigakafin na nufin mutuwar Ellie a teburin tiyata, ya ɗauki bindiga. A wasan kai ne kake ratsa benen, kai kake kashe mutanen da ƙila su ne fatan duniya na ƙarshe. Ka shiga ɗakin tiyata, likitan ya tsaya gabanka da 'yar wuƙar aiki, wasan kuma ba zai matsa ba sai ka kashe shi. Na tsaya a nan ina neman wata hanya, babu. Ma'aikatan jinyar biyu an bar maka zaɓi a kansu, shi kam ba a bari ba. Na danna, sannan na ɗauki yarinyar na gudu da ita da nawa yatsun, ina sane da cewa abin da na yi ba shi da sauƙin karewa. A shirin an ɗauki fagen da gwaninta, an danne ƙarar harbin an ɗora kiɗa mai sanyi, Pascal yana tafiya kamar wanda zuciyarsa ta mutu. Na kalla, na yaba, amma laifin na Joel ne shi kaɗai, ni ina gefe ina yi masa hukunci. Kashin ƙarshen bai kai minti 45 ba, kuma duk da ya bi wasan sau da ƙafa, har da raƙuman dawa da rantsuwar ƙarya da Joel ya yi wa Ellie, shi ne wanda ya fi barina da ƙishirwa.

Shi ya sa nake ganin masu Fallout, wani shirin da aka ɗauko daga wasan bidiyo, da ya fito a Prime Video a 2024, sun zaɓi hanya mafi sauƙin tafiya. Sun ɗauki duniyar wasan da dokokinta da barkwancinta, suka ƙirƙiri sababbin mutane a shekarar 2296, ba su yi ƙoƙarin maimaita abin da ɗan wasa ya riga ya yi da hannunsa ba. The Last of Us ya ɗauki aiki mafi wuya, kuma ya cancanci kallo, ga manya dai, don akwai jini da fagagen da ba na yara ba. Amma wanda ke da damar buga wasan, ina roƙonsa ya fara da shi.

Zango na biyu da ya fito a Afrilun 2025 ya ci karo da wannan katangar tun a farkonsa. A wasa na biyu da ya fito a 2020 ana ɓoye dalilin Abby, matar da ke farautar Joel, na tsawon lokaci, a bar ka ka tsane ta, sannan a tilasta maka ka sarrafa ta kusan rabin wasan, har ka san cewa likitan nan da ka kashe mahaifinta ne. Shirin ba shi da madannin da zai miƙa wa mai kallo, sai ya sa Kaitlyn Dever, mai taka rawar Abby, ta faɗi dalilin da bakinta tun a kashi biyun farko, kafin mai kallo ya samu lokacin tsanarta.