TWT ko GaN: wanne ya fi ƙarfafa siginar rada ta soja?

TWT (travelling-wave tube) bututun ƙara ƙarfin sigina ne marar iska a ciki, tsohon hannu tun shekarun 1940. Yana fitar da kilowat da dama a mitocin rediyo masu faɗin zango, shi ya sa har yanzu na'urorin toshe sigina da tauraron ɗan'adam ba su rabu da shi ba. Sai dai yana cin dubban volt, kuma katod ɗinsa, wato sashen da ke fitar da elektron, na buƙatar kamar minti 3 ya yi zafi. In bututun ya mutu, radar da ta dogara da shi kaɗai ta makance gaba ɗaya.

Taransistar GaN kuwa, wadda ake yi da sinadarin gallium nitride, volt 28 zuwa 50 ta ishe ta, kuma nan take take tashi. A rada irin SPY-6 ta sojan ruwan Amurka, dubbai ake jerawa, don haka mutuwar ƙalilan rage ƙarfi kawai take yi. Zafi ne babban abokin gabarta: galibi akan ɗora ta kan silikon kabaid mai saurin janye zafi, a manyan rada kuma a sanyaya ta da ruwa. Wajen kunnawa ake yawan ɓarna. Sai an fara sa wa ƙofar taransistar, wato sashen da ke sarrafa wucewar wuta, volt na ƙasa da sifili kafin a saki babbar wuta. In aka juya tsarin, wuta ta kwararo ta ƙone ta a ƙiftawar ido.