Gida, asibitin unguwa ko babban asibiti: ina za a haihu?

Tun ciki yana wata bakwai ya kamata mace da maigidanta su yanke wannan shawara, ba sai naƙuda ta tashi da tsakar dare ba.

Abin da ke tsayar da mata a gida sananne ne: ba kuɗin mota, ba namiji a ɗaki, ungozoma ta gida ce, ga uwa a kusa. Mai haihuwar fari kuwa kunya kan sa ta ɓoye naƙuda har abu ya yi nisa. Inda gida ke gazawa shi ne jini. Idan ya kai rabin lita bayan haihuwa ya wuce ƙa'ida, kuma yana iya kashe mace cikin awa 2. In dole sai gida, a tanadi sabuwar reza a takardarta, zare mai tsabta, sabulu, ledar shimfiɗa, chlorhexidine na shafa wa cibi, da misoprostol (maganin hana zubar jini bayan haihuwa) ƙwaya 3, magungunan da Jihar Sakkwato ta fara rarrabawa a unguwanni a 2013. Misoprostol sai jariri ya fito kuma an tabbatar babu wani a ciki. Shan sa kafin nan na iya fasa mahaifa. Yankan gishiri kuma kada a yarda da shi ko kaɗan, yana jawo yoyon fitsari.

Asibitin unguwa ya ishi mai cikin da awo ya nuna lafiya lau. Sai dai a yi tambaya tun ranar awo: akwai ungozomar asibiti da ke kwana? A ina suke ajiye allurar oxytocin, mai tsayar da jini bayan haihuwa? Zafi na rage mata ƙarfi, kuma kowa ya san Sakkwato a watan Afrilu. Galibin asibitocin unguwa ba sa tiyata, ba sa ƙarin jini, don haka a san inda suke tura mutum da nisan wurin.

Babban asibiti a birnin Sakkwato, kamar na Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, na Ƙwararru, ko na mata da yara na Maryam Abacha, ya fi tsada, ga layi, ga neman wanda zai ba da jini. Duk da haka shi ne wurin wadda aka taɓa yi wa tiyata, mai tagwaye, wadda ɗa ya kwanta mata a gicciye, mai hawan jini ko kumburin fuska da ciwon kai (alamun jijjiga ke nan), yarinyar da ba ta kai 18 ba, da wadda ta haihu biyar ko fiye. Irin wannan, in daga ƙaramar hukumar Isa ko Gudu take, gara ta tare gidan dangi a birni da shigar wata tara.

Naƙudar da ta wuce awa 12 ba a jira da ita. Maigidan da zai tafi ci-rani ya bar izini a fili gaban mahaifiyarsa, da kuɗin mota da lambar direba.